Ku Tambaya Mu Amsa: Agogo mai wayo, daga teburin Katako zuwa Tawa

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk kan agogon hannu mai wayo ne, wasu na so su buɗe shi, wasu na so su haɗa nasu, wasu kuma manhajar waya suke rubutawa ta ƙi magana da agogon. Na ɗauko guda 6, sauran mu haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya daga wani mai gyaran salula a kasuwar Katako, Yamai: Malam barka da aiki. Ina da agogon nan na jika 5 jika 7 cike da kwali, masu su sun kawo gyara ba su dawo ba. Wai zan iya goge abin da ke ciki in zuba nawa program kamar yadda muke filashin waya?

Barka kadai maigida, Allah ya ba da kasuwa. A gaskiya mafi yawansu ba za ka iya ba, kuma ba don hannunka bai kai ba. Waya in ka yi mata filashi ai fayil ɗin kamfanin ne ka sauko da shi ka mayar, ba kai ka rubuta ba. Shi kuwa rubuta naka daga tushe sai ka san wace ƙwaƙwalwa ce a ciki, wato chip ɗin da ke tafiyar da agogon, wace ƙafa tata ce ta tafi ekaran, wace ta tafi batir, sannan ka samu takardun kamfanin da ya ƙera ta. Agogon arha ɗin nan yawanci ƙwaƙwalwar Realtek ko JieLi ko wasu ƙananan kamfanonin Sin ake sa musu, takardunsu ba a bainar jama'a suke ba, kuma abin haushin shi ne agogo biyu masu kwali ɗaya suna ɗaya launi ɗaya ka buɗe ka tarar cikinsu daban, don masana'antar duk abin da ta samu da arha a watan shi take zubawa.

Amma akwai wanda ya taɓa fita zakka. Colmi P8 na farko-farko da nRF52832 ta kamfanin Nordic Semiconductor na ƙasar Norway aka yi shi, ita kuwa takardunta a buɗe suke, har wani Bajamushe Aaron Christophel ya rubuta manhajar DaFlasher da ake zuba masa sabon program ta Bluetooth ba sai an ɓalle murfi ba. Daga baya an canja ƙwaƙwalwar a wasu fitowar, shi ya sa sunan da ke jikin kwali ba hujja ba ne. Tunda waɗannan na hannunka sun riga sun mutu, ɓalle bayan guda biyu uku, sa gilashin ƙara girma da kake duba bod da shi, ka karanta rubutun da ke bisa babbar baƙar ƙwaƙwalwar. In ka ga N52832 to ka yi tsintuwa, ka ware shi gefe. Sauran kuma kar ka zubar, ɗan injin da ke sa agogo ya yi karkarwa, da madauri, da igiyar caji mai maganaɗisu, duk yaran da ke haɗa nasu suna nema kuma ba a samu a butik.

Tambaya daga wani ɗalibi a jami'ar Tawa: Yaya ina so in haɗa agogon da zai riƙa motsi a hannu in lokacin salla ya yi, ba tare da intanet ba, don kakana a ƙauye ba ya ji sosai kuma can rezo sai an hau tudu. Na iya Arduino kaɗan, ina da ESP32 guda. Da mi zan fara?

Ƙanena wannan tambayar taka ita ta fi min daɗi duk cikin saƙonnin, don ka san wa kake yi wa abin da kuma abin da zai yi masa, yawancin masu rubuto mana agogo kawai suke so su haɗa don a ce sun haɗa. Saboda haka zan ɗan daɗe a kanta.

Ka ajiye zancen ekaran mai kyau tukuna, ka fara da lissafin batir, don shi ne ke kashe irin wannan aikin. Batirin da zai shiga jikin agogo bai wuce 200 mAh ba, wani ma 170 ko 180, mAh shi ne ma'aunin wutar da batir ke ajiyewa, mA kuma na wadda ake ja. ESP32 ɗinka, ƙwaƙwalwar nan da ake rubuta wa program da manhajar Arduino, in tana farke ko ba ta kunna rediyonta na WiFi da Bluetooth ba tana jan wajen 40 mA, raba 200 da 40 ka gani, awa 5 ke nan, in ka kunna WiFi ta haura 100 mA kafin a yi la'asar agogon ya mutu. Ba wai ESP32 ba ta da kyau ba ne, kamfanin Espressif na Shanghai ya fito da ita a 2016 kuma har yau da wuya ka samu abin da ya kai ta a wannan kuɗin, sai dai ita don abin da ke jone da kuran ko babban batir aka fi yin ta. Dabarar ita ce barci. In ka sa ta barci mai nauyi ƙwaƙwalwar kanta tana sauka wajen 10 µA, wato kashi ɗaya cikin ɗari na mA guda, ta farka sau ɗaya a minti ta duba lokaci ta koma. To amma nan ma akwai tarko, bod ɗin nan da muke saye mai bakin USB yana da fitila ja da ke ci kullum da mai daidaita wuta da ƙwaƙwalwar USB, su kaɗai suna iya shan mA da yawa ko ita ESP32 tana barci. Ka sa miltimita a tsakanin batir da bod ka auna da idonka, kar ka yarda da abin da aka rubuta a takarda.

Shi ya sa masu buɗaɗɗen agogo, wato wanda kowa zai iya zuba wa nasa program, suka rabu gida biyu. Masu ESP32 akwai Watchy na SQFMI, ekaran ɗinsa irin na takardar lantarki ne, inci 1.54, ɗigo 200 sau 200, ba ya shan wuta sai lokacin da rubutu zai canja, kuma cikin rana tsaka ya fi fitowa tar. Akwai T-Watch 2020 na LILYGO mai ekaran mai launi, yana da daɗin wasa amma caji kullum. Ɗaya gidan kuma masu ƙwaƙwalwar Nordic ne, waɗanda tun asali don Bluetooth maras shan wuta aka yi su. PineTime na Pine64 yana da nRF52832, gudunta 64 MHz, RAM 64 KB kacal, ekaran inci 1.3 ɗigo 240 sau 240, ana sayar da shi wajen dalar Amurka 27, wato jika 15 zuwa 17 kafin kuɗin aikowa da na duwan, kuma yana kai kusan mako da caji ɗaya. Program ɗinsa InfiniTime da C++ aka rubuta shi, ga wasp-os ga mai son Python. Sai Bangle.js 2 na Gordon Williams ɗan Ingila wanda ya fito a 2021, nRF52840, RAM 256 KB, yana da GPS da kamfas, ekaran ɗinsa kullum a kunne yake kuma rana ba ta dushe shi, batirinsa na iya yin makonni, amma ya fi PineTime tsada sosai.

In ni ne kai, ga kaka da ke wuni a gona ko gindin bishiya, ekaran da ake gani cikin rana da batir mai daɗewa su ne gaba da komai, wato Bangle.js 2 in aljihu ya kai, ko Watchy tunda ka riga ka saba da Arduino. Kuma daɗin Bangle shi ne da JavaScript ake rubuta masa, akwai agogon gwaji a cikin burauza, sai ka rubuta ka gwada duk abinka a kwamfuta kafin ka kashe ko dala. PineTime cikin ranar Tawa ta watan Afrilu sai ka sa tafin hannu ka yi masa inuwa kafin ka karanta.

Shi lokacin sallar kansa ba ya bukatar intanet ko kaɗan, lissafin rana ne. Ka ba shi kwanan wata da inda garin yake a doron ƙasa, shi ke nan. Tawa tana wajen digiri 14.9 arewa, 5.3 gabas, Yamai kuma 13.5 arewa, 2.1 gabas, duka agogonmu ɗaya ne, awa 1 gaba da GMT. Kowane digiri ɗaya na gabas minti 4 ne, ka ga ke nan rana tana rigan karkatawa a Tawa da wajen minti 13 kafin Yamai, don haka kar ka kwafi jadawalin Yamai ka zuba wa tsoho. La'asar ka bar ta a inuwa ɗaya, wato lokacin da inuwar abu ta ƙaru da tsawonsa sau ɗaya, yadda muke yi a Malikiyya. Asuba ce ake saɓani, wasu na lissafi da digiri 18 ƙasa da sararin gabas wasu 19.5, ka tambayi limamin garin da wanne jadawalin masallacinsu ya dace. Ba sai ka ƙirƙiro lissafin da kanka ba, akwai Adhan, tarin lambobin program ne na kyauta da aka riga aka rubuta don wannan lissafin, da ke da na JavaScript da na Kotlin da na Swift, ka karanta shi ka fahimta sannan ka ɗauka. Abu ɗaya da masu manhaja ke mantawa: shigar lokaci daban, tsayuwar jam'i daban. A garuruwanmu azahar tana shiga tun ƙarfe 1 saura amma masallatai da yawa sai 2 ko 2 da ƴan mintoci, in agogo ya motsa hannun kaka ya je ya tarar ba kowa sau biyu sau uku zai cire shi ya rataye. Ka sa wurin ƙara mintoci ga kowace salla daban.

Saura gudun agogon. Ɗan kiristal ɗin da ke ƙirga lokaci yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, kuskurensa na yau da kullum kusan daƙiƙa 2 a rana, wajen minti 1 a wata, zafi kuma yana ƙara masa nawa. Wannan ba komai ba ne, duk sanda ka je gida hutu ka haɗa shi da waya ya gyaru, ko GPS ya gyara kansa in Bangle ne. Amma kar ka dogara da agogon cikin ESP32 ita kaɗai lokacin barci, wannan yana iya zamewa da mintoci a rana guda, dole ka haɗa mata ƙwaƙwalwar lokaci ta daban irin DS3231 ko PCF8563.

Ka fara da abin da ke hannunka a bisa tebur, ESP32 da DS3231 da ɗan injin karkarwa ta bayan taransista, kar ka jona injin kai tsaye a ƙafar ESP32 za ka ƙona ta. In ya yi mako yana motsi kan lokaci daidai da kiran sallar unguwarku, sannan ka yi zancen yadda zai hau hannu.

Tambaya daga wata mai koyon rubuta manhaja, unguwar Yantala: Malam na yi ƴar manhajar Android da ke aika saƙo zuwa agogo, tana aiki in wayar na hannuna, da na kashe ekaran na sa ta a jaka sai ta yanke. Wani lokacin ma ba ta ganin agogon gaba ɗaya. Kuma kwamfutata RAM 4 GB ce, Android Studio kamar zai kashe ta.

Malama sannu da ƙoƙari, kuma ki kwantar da hankali ba ke kaɗai ba ce, Bluetooth a Android kowa ya sha wuyarsa. Matsalolinki biyu ne daban.

Ta rashin ganin agogo yawanci izini ne. Daga Android 6 zuwa 11 manhaja ba ta iya laluben na'urar Bluetooth sai an ba ta izinin sanin wuri, kuma a wayoyi da yawa sai an kunna shi wurin kansa, in ba haka ba laluben zai dawo fayau ba tare da ya ce miki komai ba, shi ne abin ban takaicin. Daga Android 12 aka raba, aka kawo BLUETOOTH_SCAN da BLUETOOTH_CONNECT, kuma sai kin roƙe su lokacin da manhajar ke gudana, rubuta su a fayil kawai bai isa ba. Sannan agogo in ya riga ya haɗu da wata manhaja ko wata waya yawanci yana daina tallar kansa, to ki duba ko manhajar kamfaninsa ce ta riƙe shi a ɓoye. Kafin ki zargi lambobin program ɗinki ki sauke manhajar nRF Connect, kyauta ce, ki yi lalube da ita. In ita ta gan shi ke ba ki gan shi ba laifin na wajenki ne. In kin shiga ciki za ki ga jerin lambobi, 0x180F na batir ne, 0x180D na bugun zuciya, 0x1805 na saita lokaci, ki taɓa ki karanta ki ga abin da agogon ke faɗa da bakinsa.

Ta yankewa a jaka kuma, wayar ce ke kashe manhajarki don tanadin batir. Wayoyin da suka cika hannunmu, Tecno da Infinix da itel, tsarin tanadinsu mai tsanani ne, ekaran na mutuwa su fara share duk abin da ke gudana a baya. Maganin ta ɓangarenki shi ne ki mayar da haɗin cikin hidimar da Android ke kira foreground service, wadda ke barin ƴar sanarwa a saman ekaran kullum. Ta ɓangaren mai wayar kuma sai ya shiga saiti ya cire manhajar daga tanadin batir, ya ba ta damar tashi da kanta, ya kulle ta a jerin manhajojin da ke buɗe. Ki yi shafi guda a cikin manhajar da ke nuna wa mutum waɗannan matakan da hoto, don ba wanda zai gano su shi kaɗai.

Ƙarin abu biyu da za su cece ki daga ciwon kai nan gaba. Kar ki aika umarni biyu a jere, ki jira amsar na farko sannan na biyu, Android ba ya jera miki su, zubar da na biyun yake yi shiru. Kuma saƙo ɗaya byte 20 kawai yake ɗauka, wato wajen haruffa 20, in ba ki nemi a faɗaɗa ba, doguwar magana sai kin yanka ta. In kika ga kuskure mai lamba 133, ki rufe haɗin gaba ɗaya ki ɗan jira ki sake, kowa haka yake yi. Ki leƙa lambobin Gadgetbridge ma, manhaja ce ta kyauta a kantin manhajoji na F-Droid da ke magana da agogo iri-iri har da PineTime da Bangle, duk ramin da za ki faɗa sun riga ki faɗawa sun rubuta yadda suka fito.

Kwamfuta kuwa, Android Studio 8 GB yake so mafi ƙaranci. Ki daina kunna wayar gwaji ta cikinsa, dama ba ta da amfani sosai ga aikin agogo, ki jona wayarki ta gaske da igiya. In da hali ki je wajen masu gyaran kwamfuta a ƙara miki RAM, ya fi sayen sabuwa sauƙi nesa ba kusa ba. Ga wanda bai kai matakinki ba kuma akwai MIT App Inventor, a burauza ake aiki da shi kuma yana da ƙarin Bluetooth. Zancen Play Store ki bar shi tukuna, rajistar dala 25 ce ta Amurka sau ɗaya, ki fara tura fayil ɗin manhajar, wato APK, ga ƙawaye ta WhatsApp su gwada a wayoyi daban-daban.

Tambaya daga Boukoki: In an turo min saƙon Hausa, duk inda ƙ ko ɗ take sai agogona ya nuna ɗan akwati. Lalacewa ya yi?

Lafiyarsa lau ɗan uwa. Agogo ba ya da wurin ajiye duk haruffan duniya, masu shi sun zaɓi kaɗan suka zuba, namu masu lanƙwasa ba su shiga ba. In na kasuwa ne ba abin da za ka yi. In buɗaɗɗe ne irin PineTime, za ka iya sake ƙera haruffan ka ƙara ɓ ɗ ƙ ƴ da manyansu, lambobinsu 0x253, 0x257, 0x199 da 0x1B4, muddin salon rubutun da ka ɗauko yana da su a ciki. Mai rubuta manhajar waya kuma yana iya mayar da ƙ ta koma k kafin ya aika, sai dai ya tuna kowane ɗayansu byte 2 yake ci, in ya yanka saƙo a tsakiyar harafi shara ce za ta fito.

Tambaya daga wani dattijo a Lazaret: Ɗana ya aiko min agogo yana nuna hawan jini da sikari. In ya nuna lafiya zan iya rage shan magani?

A'a Baba, don Allah kar a taɓa maganin. Koren hasken da ke ƙiftawa a bayan agogon bugun zuciya kawai yake iya ƙirgawa, shi ma sai agogon na kirki ne kuma ya zauna daram a hannu. Sikari kam babu, hukumar magunguna ta Amurka FDA ta fito fili a watan Fabrairun 2024 ta ce kar a yi amfani da agogo ko zobe da ke cewa yana auna sikari ba tare da huda fata ba, ba ta amince da ko ɗaya ba. Hawan jinin da na arha ke nunawa ma ƙiyasi ne. A gwada wannan a gida, a ɗaura agogon a jikin kwalbar ruwa a danna awo, in ya kawo lamba to an ga irin likitan da ake da shi. Awon jini a ci gaba da yin shi a likita ko famasi da abin nan mai hura hannu.

Tambaya ta ƙarshe daga Tawa: Na haɗa batirin agogo da ɗan bod ɗin caji TP4056, yana zafi har ya fara kumbura.

Cire shi yanzu, kar ka danna shi kar ka huda shi, ka ajiye shi waje cikin kwanon yashi nesa da katifa, ya gama aiki. Bod ɗin nan yadda ake sayar da shi 1 A yake turawa, don babban batir irin 18650 aka saita shi, kai kuma ka ba ɗan batir mai 200 mAh ninki biyar na abin da zai iya ɗauka. Akwai ɗan rezista mai 1.2k da ke jone da ƙafa ta 2 ta ƙwaƙwalwar, a mafi yawan bod an rubuta masa R3, ka cire shi ka sa na 10k, cajin zai sauka wajen 120 mA. Ka nemi bod mai kariya, wanda ke da ƙarin ƙananan ƙwaƙwalwa biyu kusa da inda ake jona batir, don ya yanke in batirin ya yi ƙasa da yawa. Kuma batirin lithium ba a cajinsa in zafi ya haura digiri 45, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu ɗakin kwano da rana ya kai haka, ka riƙa caji da dare ko da sassafe, a ƙasa bisa siminti.